Matuƙiyar Shirwa: Shafi na 27

Masu cika mini akwatin saƙo tun jiya da "sai kuma me ya faru", na ji ku. Ku gyara zama.

*

In ka shiga kasuwar kifi ta Alaikuppam da safiyar nan ka ambaci sunan Kayal, to ka nemi wurin zama, don kowace mai kwando tana da abin faɗa.

"Ni tun tana goye ban taɓa jin ta ɗaga murya ba," in ji mai jatan lande. "In ta zo sayen abu sai ka kai kunnenka bakinta."

"Ladabi ne ya yi mata yawa. Wannan ko akuya ce ta tare mata hanya sai ta ce mata don Allah."

"To ladabi ne zai tuƙa jirgi? Ba ku ga jiya ba? Gindin jirgi a sama, 'yar Ponni a ƙasa tana shan gishiri!"

"Ku ƙyale yarinya. Uwarta ta kwashe muryar gidan kaf, me kuke so ya rage mata?"

Aka kwashe da dariya.

Kayal tana jin su. Ta ajiye wa mahaifiyarta ƙullin wainar shinkafa ta idli da kofin shayi a gefen kwando, ta sunkuyar da kai ta wuce ta bayan rumfuna zuwa tashar jiragen tsere.

Yau ne ranar ƙarshe. Mako guda ke nan wakilan ƙasashe suna zaune a tashar nan suna gwada jirage, don a fitar da guda ɗaya wanda za a riƙa yin tseren mace da namiji da shi a gasar ƙasa da ƙasa. Duk jiragen tagwaye ne, kwale-kwale biyu sirara da aka haɗa da raga a tsakiya, ga doguwar sanda mai ɗauke da ƙyallen da iska ke turawa. An yi ta tankaɗe har saura biyu. Babban, matuƙa suka sa masa suna Giwa. Ƙaramin kuma Shirwa.

Giwa nauyi take so. In ba ƙarti biyu ne suka rataya a gefenta ba, iska kwantar da ita take yi. Kayal kuwa ko an jiƙa ta da kayanta ba ta kai buhun shinkafa ba. Ranar da aka ce Giwa, ranar ta gama tsere, ta koma bayan kwandon uwarta.

Shirwa ba ruwanta da nauyi. Ita hannu take so da ido, da mutum biyu masu motsi kamar mutum ɗaya. Amma ba ta yafe kuskure. Jiya, Kayal na riƙe da sandar tuƙi, yayanta Ilango na kan igiyar ƙyalle, ta kife da su a gaban kowa.

Ta tarar da kocinsu, tsoho Mariyadas, zaune a kan juyayyen bokiti yana ɓare gyaɗa.

"Ayya, ina kwana," ta ce. Ayya muke ce wa dattijo a nan.

"Zauna."

Ta tsuguna.

"Ƙuri'a ta rabu biyu daidai," ya ce. "Saura ta Kyaftin Dhanapal, shugaban kwamiti. Shi kuma ya karkata wajen Giwa."

"Saboda jiya?"

"Saboda abin da aka faɗa masa game da jiya."

Ta ɗago.

"Sun kira Ilango da yamma. Ya ce musu jirgin ya fi ƙarfin hannunki. Ya ce in ƙanwarsa da ta tashi a bakin teku ba ta iya riƙe shi ba, to ya zama tarko ga 'ya'yan mutane."

Kayal ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙarar kifi a ƙeya.

"Anna ne ya faɗi haka?" Anna muke ce wa yaya namiji.

"Da bakinsa." Ya watsa gyaɗa a baki. "Ni yanzu abu ɗaya nake so ki gaya mini. Da iskar nan ta taso jiya, me kika ce masa?"

"Na ce ya saki igiya."

"A'a. Faɗa mini yadda kika faɗa. Kalma bayan kalma."

A hankali ta ce, "Na ce... Anna, don Allah in ba damuwa, ko za ka ɗan sassauta..."

"Sai me?"

"Sai muka kife."

Tsohon ya dafe kai da hannu biyu. Bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba, har gyaɗa ta sarƙe shi.

"In ba damuwa! Iska na zuwa kamar jirgin ƙasa, ke kina in ba damuwa! Me ya hana ki tambaye shi lafiyar iyali tukuna?"

"Ayya, yayana ne fa."

"Na sani."

"Ya zan yi in daka masa tsawa? Ni ko sunansa ban taɓa kamawa ba."

Dariyar ta tsaya. Ya san gaskiya ta faɗa. A wajenmu ƙanwa ba ta kiran sunan yayanta, ba ta aiken sa, ba ta ce masa yi kaza. Ilango shi ya goya ta, shi ya koya mata iyo, shi ya fara ɗora ta a jirgi ranar da duk unguwa ke cewa mace ba ta taka katakon teku.

"To ki je ki yi tunani," in ji Mariyadas. "Da azahar Kyaftin zai kaɗa tasa ƙuri'ar."

*

A bayan rumbun ajiye jirage ta same shi yana naɗe igiya. Dogo, faffaɗan ƙirji, bai ko juyo ba.

"Anna."

"Kin ci abinci?"

"Anna, me ka gaya wa kwamiti?"

Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

"Abin da na gani."

"Me ka gani?"

"Na ga mun kife."

"Kafin mu kife fa?"

Ya ƙara naɗa igiyar a hannunsa.

"Anna, kai ka koya mini ganin iska a kan ruwa. Kai ka ce in na ga ruwa ya yi duhu yana tahowa, in shirya. Jiya kana tsaye a waje, ka fi ni hango nesa. Ba ka gan ta ba?"

"Ke ce matuƙiya. Ban ji an ce in saki ba."

"Sai an ce?"

"Ai haka kuke so, ke da tsohon kocinki. Ke a sanda, ni a igiya. To mai igiya umarni yake jira."

"Da kai ne a sanda ni a igiya, da tuni na saki ban jira ba."

Ya jefar da igiyar ya juyo.

"Ke Kayal, ki iya bakinki. Kin san me ake ce mini a wurin shan shayi? Yaron Kayal. Ni! Wai in ta ce zauna in zauna. A Giwa ni ne a sanda, kowa ya san matsayinsa."

"Ni kuma ina matsayina a Giwa?"

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar.

"Anna, ina matsayina?"

"Gida bai kore ki ba."

"Au, haka ne?"

Wannan muryar ba ta Kayal ba ce. Mahaifiyarsu Ponni ce tsaye a bakin rumbun, sari a ɗaure a ƙugu, wuƙar gyaran kifi a hannu, ɓawon kifi har gwiwar hannu. Labari ba ya kwana a kasuwarmu, ko sa'a ba ya yi.

"Amma, ki koma, maganar aiki ce," in ji Ilango. Amma muke ce wa uwa.

"Maganar aiki? Kwastomomi na bari a tsaye, ka ce in koma? Kai, ƙaton banza, kalle ni nan. An ce ka je gaban baƙi ka ce 'yata ba ta da hannu."

"Amma..."

"Rufe mini baki!" Ta juya kan Kayal. "Ke kuma an ce a tsakiyar teku kike roƙon sa kamar mai neman rancen gishiri."

"Amma, ba zan iya kiran sunansa ba."

"Sunan nasa ne? Shi ya saya?" Ta buga ƙirjinta da bayan hannu. "Ni na raɗa shi. Ni na yi naƙudarsa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sunan nawa ne, kuma na ba ki aro. Daga inda ƙafarki ta bar yashi har ta dawo kan yashi, ki kira shi yadda kika ga dama. Wanda ya ce kin yi rashin kunya ki turo mini shi rumfa."

"Amma, wannan wace irin magana ce?" in ji Ilango.

"Irin tawa. Kana da ja?"

Ba shi da ja. Duk Alaikuppam babu mai ja da Ponni tana riƙe da wuƙa.

*

Kayal ba ta taɓa shiga ɗakin kwamiti ba. Fanka na juyawa, wakilai sun kewaye dogon tebur, kowa da kofinsa. Kyaftin Dhanapal, tsohon sojan ruwa mai farin gashin baki, ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, ana taro."

"Ayya, ku yi haƙuri." Ta tsaya daga bakin ƙofa. "Ina roƙon a sake ba ni Shirwa sau ɗaya."

"Ɗaga murya, ba na ji."

Ta matso gaban tebur.

"A sake ba ni Shirwa. Yanzu. A sa ta da Giwa, a zagaya tutocin kan ruwa a dawo."

Wani wakili ya ce, "Iskar yau ta fi ta jiya fa."

"Shi ya sa," ta ce.

Kyaftin ya cire tabarau.

"Yayanki ya ce jirgin ya fi ƙarfinki."

"Jiya ba jirgin ne ya kife da mu ba, Ayya. Bakina ne."

Ya ajiye tabarau a kan tebur.

"Wa zai riƙe miki igiya?"

"Shi."

"To ji nan. In kika sake kifewa, ko da kina gaba ne, ƙuri'ata ta Giwa ce, kuma ba na son kuka."

"Na yarda."

*

Kafin a tura jiragen, bakin teku ya cika. Masu kifi suka rufe kwanduna da buhu suka taho. Masunta da suka dawo daga kamun asuba suka ƙi fitowa, suka jera kwale-kwalensu a gefen hanyar tsere kamar masu kallon ƙwallo. Ponni ta fasa kwakwa a kan dutse a gaban Shirwa, ta shafa wa hancin jirgin ruwan kwakwar don neman sa'a.

A kan Giwa wasu Turawa biyu ne, mace da namiji, kowannensu kamar ƙofar gari. Macen ta ɗaga wa Kayal babban yatsa tana murmushi.

Ilango ya matso gefen jirgi. Ya ɗaura ƙugiyar ɗamararsa a wayar da mai igiya ke rataya jikinsa da ita, ya hau.

Aka busa ƙaho.

Giwa ta yi gaba kamar an harba ta. Kafin tuta ta farko ta ba su tazara mai kyau. Kayal na jin sandar tuƙi tana rawa a tafin hannunta, tana jin Shirwa na son gudu, ana riƙe ta.

"An..." ta fara, ta cije leɓe.

Sai ta hango shi.

Duhu a kan ruwa, daga dama, yana tahowa da faɗi, ya fi na jiya. Ta saci kallon yayanta. Shi ma ya gani. Ta ga ya gani. Hannunsa na kan igiya, a damƙe, bai motsa ba.

Ƙafa ɗaya ta jirgin, wato kwale-kwale guda, ta fara tashi daga ruwa.

Ta ƙara tashi.

Sandar ƙyalle ta fara sunkuyawa.

"ILANGO! SAKI!"

Ita kanta ba ta san muryar ba. Ta Ponni ce sak, wadda ake ji daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan.

Hannunsa ya buɗe tun kafin kansa ya yi shawara. Igiya ta zube, ƙyalle ya furzar da iska, ƙafar jirgin ta sauko ta tsaya daidai saman ruwa, tana shafar kan igiyar ruwa kamar ba ta so ta jiƙe.

Shirwa ta tashi.

Ilango ya juyo yana kallon ta, baki buɗe.

"Me kake kallo? Ja! Ja yanzu!"

Ya ja.

"Fita waje! Duka jikinka! Ilango, ƙafarka baya!"

Ya miƙe a kan waya, jikinsa kwance a saman ruwa, feshi na dukan bayansa.

Daga kwale-kwalen masunta wani ya ƙwala, "Kun ji? Ta kama sunansa!"

"Ilango, ja!" in ji wani, yana kwaikwayon muryarta.

Sai duk jerin suka ɗauka, suna buga gefen kwale-kwale da filafilan tuƙi. "Ilango, ja! Ilango, saki! Ilango, ja!"

Kunya ta kama Kayal. Ta kalli bayan yayanta. Kafaɗunsa sun ƙage.

Amma ba lokaci. Ga tuta ta biyu.

"Za mu juya! Shirya! Yanzu!"

Suka tsallaka raga tare, ita ta ƙarƙashin ƙyalle, shi ta gabanta, ba wanda ya taɓa wani. Shirwa ta juya a kan dugaduganta. Giwa kuwa sai da ta yi faɗi da tutar, nauyinta ya ja ta waje. Tazarar ta ragu da rabi.

"Suna da iska a hagu," in ji Ilango, karo na farko da ya buɗe baki. "Akwai wata tana zuwa bayanta, ta fi ta."

"Na gani. Riƙe. Riƙe... kar ka saki sai na ce."

"Za ta kwantar da mu!"

"Na ce riƙe!"

Ya riƙe. Jijiyoyin hannunsa suka miƙe. Jirgin ya karkata har Kayal na ganin ƙasan ruwa ta cikin raga. A bakin teku mata suka ɗora hannu a ka. Ta ɗan tura sanda kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar mai gyara wa jariri kwanciya.

"Saki rabi!"

Ya saki rabi.

Shirwa ta zabura. Suka zo daidai wutsiyar Giwa, suka zo daidai cikinta, Baturiyar ta juyo tana kallon su da ido waje. Suka wuce.

Daga nan Kayal ba ta ƙara jin ihun kowa ba. Ruwa kawai take gani, da tutar ƙarshe, da bayan yayanta yana shiga yana fita da kowace kalma tata, ba jinkiri ko na ƙiftawar ido. Ba su taɓa tuƙi irin wannan ba. Ko lokacin da yake a sanda ba su taɓa ba.

Ƙaho ya yi kuka.

Ta waiwaya. Giwa na baya, da nisa.

*

Ba su bari jirgin ya kai yashi ba. Mata suka faɗa ruwa da sarinsu, suka sunkuce ta sama. Mai jatan landen nan ita ce a gaba.

"Ni dama na faɗa! Tun tana goye na san muryar nan na ciki!"

"Ƙarya kike, ke kika ce sai an kai kunne!"

"To ai yau kunnen ya kusa toshewa!"

Ponni na tsaye a kan dutse, hannu a ƙugu, tana bin kowa da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ce ta sha gishiri? Ya fito in gan shi."

Ba wanda ya fito.

Kyaftin Dhanapal bai koma ɗakin taro ba. Nan bakin ruwa ya tsaya, wandonsa a jiƙe har gwiwa, wakilai kewaye da shi. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Mun zo neman jirgin da mace da namiji za su yi tsere a kai, ba jirgin da namiji zai tuƙa mace ta zame masa buhun yashi ba. Yau na ga mafi ƙanƙantar matuƙiya a tashar nan ta riƙe shi a iska mafi ƙarfi. Ƙuri'ata ta Shirwa ce."

Ihun da aka yi sai da hankaki suka watse daga kan rumfuna. Baturiyar Giwa ta ratso taro ta rungume Kayal har ƙafafunta suka bar ƙasa. Mariyadas na share ido da gefen rawaninsa yana cewa yashi ne ya shiga.

Da hayaniya ta lafa, ya kamo hannun Kayal ya kai ta gaban Kyaftin.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Ke ce matuƙiyar ƙasa a wannan jirgi, ba mai musu. Kuma matuƙi shi ke zaɓar mai igiyarsa. Yau za a tura suna."

Samari uku na ƙungiya suka matso, kowa na gyara tsayuwa. Duk sun iya igiya. Duk ba wanda ya taɓa zuwa gaban baƙi ya ce ba ta da hannu.

Kayal ta duba. Ilango na can baya shi kaɗai a gefen jirgi, ruwa na ɗiga daga gashinsa, yana kwance ƙugiyarsa.

"Faɗi sunan, 'yata," in ji Kyaftin. "Yanzu dai na san kina da murya."

Aka yi dariya. Ta buɗe baki.

"Dakata."

Ilango ne. Ya taho, mutane na darewa. Bai kalli Kyaftin ba, bai kalli uwarsa ba. Ya zo ya tsaya a gaban ƙanwarsa, ga masunta, ga masu kifi, ga abokan shan shayinsa duk sun yi cirko-cirko.

"Ayya," ya ce, idonsa na kan Kayal, "abin da na gaya muku jiya ƙarya ne. Na ga iskar tun kafin ta gan ta. Da gangan na riƙe igiya."

Wata mata ta ce, "Ayyo!" ta toshe baki.

"Ba don ki zaɓe ni nake faɗa ba. Ki zaɓi wanda kike so, kin fi kowa sanin wanda ya dace."

Ya haɗa tafin hannunsa biyu a ƙirji, yadda ake yi wa manya, ya sunkuyar da kai.

"Kayal, na zalunce ki. Ki yafe mini."